Juma'ar da Na Shirya wa Umma a Ƙurɗuba

Ko tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara dangi da maƙwabta a falon mahaifiyata a unguwar Rusaifa ta Makka ba, wai don su ga yadda na san duniya. Har yau akwai ƙofofin da in na zo wucewa a layinmu nake ƙara sauri, ina duba waya kamar wani ne yake kirana.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda ciwon ya samo asali. Ni haihuwar Makka ne. Kakana ya taso daga Kano a ƙafa, ya ratso Sudan, ya yi Hajji, ya ce shi kam ya iso, ba inda za shi. Ina da ɗan shagon turare da carbi, amma abin da nake taƙama da shi a rayuwa shi ne aikin da nake yi lokacin Hajji: jagoran alhazai a Mina. In ɗaga lema mai tuta, in riƙe 'yar lasifika, ayari guda ya biyo ni, da malamai da attajirai da masu muƙami, kowa ya zama ɗan rakiya. In na ce dama, dama. In na ce a tsaya, a tsaya. To mutumin da ya shekara da shekaru ana binsa haka, a hankali yakan fara zaton shi aka bai wa taswirar duniya ajiya. (Matata Safiya ta ce ko hanyar kicin na nuna wa baƙo sai na ɗaga hannu sama kamar ina riƙe da lema. Sharri ne, amma ban rantse ba.)

Abin da ya jawo maganar tafiya kuwa ba abin dariya ba ne. Tun da Baba ya rasu Umma ta shiga ɗaki. Takaba ta ƙare, Umma ba ta fito ba. Matar da kowane biki da suna a unguwa ita ce ta fara zuwa, ita ce ta ƙarshen tashi, sai ga ta a zaune bakin taga daga safe zuwa yamma, carbi a hannu, abinci ya shiga ya fito kamar yadda aka kai shi. Likita ya duba ya ce ba abin da ke damun jikinta, a dai fitar da ita ta sha iska. Na ce mu je Ɗa'ifa, ta ce ta gani. Na ce mu je Jidda bakin teku, ta ce ruwa ne, akwai a famfo. Ina kallon mahaifiyata tana ƙanƙancewa a gabana, kuma wallahi tsoro ya kama ni, don na ga alamar so take ta bi mijinta.

Safiya ce ta kawo shawarar Andalus, wato kudancin Sifaniya, inda tsofaffin biranen Musulmi suke. Ta ce ɗan hutu ne gajere, bai fi mako ba, a ga Ƙurɗuba, a ga Ishbiliya, a ƙare a Garnaɗa, ko Umma za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba zuciyarta ta motsa. Na ɗauki maganar na kai wa Umma kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Kai wannan.” (Ni ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba.) “Duniya na sayar da gona ta zo Makka, ni in bar Makka in tafi kallon bango? Aib, ya waladi, abin kunya ne, ɗana. Me zan ce wa mutane?”

Nan ne shaiɗan ya ba ni dabara. Na ciro waya na nuna mata hoton babban masallacin Ƙurɗuba, ginshiƙai reras, da baka-baka masu ratsin ja da fari iya ganinka. Na ce, “Umma, wa ya ce kallon bango? Ziyara ce. Masallacin nan ya haura shekara dubu, manyan malamai sun karantar a cikinsa. Juma'a za mu yi a nan, ke da kanki a sahun gaba na mata.”

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Can ta miƙo mini ta ce, “Tayyib, to shi ke nan. In don sallah ce.”

Na fito ɗakin nan ina jin kamar na ci yaƙi.

Daga ranar na shiga shiri, kuma shiri irin wanda na sani kaɗai, wato na Hajji. Na tsara mu sauka a Madrid, mu hau jirgin ƙasa, ranar Juma'a ta same mu a Ƙurɗuba ko ana ha-maza-ha-mata. Duk sauran garuruwan na matse su don su ba Juma'ar nan wuri. Hasumiyar Ishbiliya na ba ta rabin yini, fadar Alhamra ta Garnaɗa na ce a leƙa a fito, ai ba ita ta kawo mu ba. Na sayo huluna masu launi ɗaya don kada wani ya ɓace. Na kakkaɓe lemata ta Mina. Har bita na kira, irin wadda ake yi wa maniyyata, na tsaya a tsakar falo ina bayanin cewa in cunkoso ya yi yawa a ƙofar masallaci kowa ya riƙe gefen rigar na gabansa. Ayarin nan fa mutum uku ne: ni, da Umma, da Safiya.

Safiya ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Wata safiya ina shan shayi ta kira ni da sunan 'yarmu irin na Larabawa, ta ce, “Abu Hanan, ni fa kamar na tuna a makaranta an ce mana masallacin nan...”

Na katse ta. “An ce muku me? Ai na kalli bidiyonsa ya fi a ƙirga.”

“Ka dai buɗe jawwal, wayar nan taka, ka karanta, ba kallo kawai ba. Ko ka tambayi mutumin da zai zaga da mu.”

“Ni zan tambaya? Safiya, ni fa ake tambaya. Mutumin da ya fitar da ayari daga Jamarat ba wanda ya ɓata, shi za ki koya wa shiga masallaci?”

Ta ce, “Khalas, Allah ya ba da sa'a,” ta kwashe kofuna. Gaskiyar magana, bidiyon da na yi ta kalla duk irin waɗanda ake ɗora wa sautin kukan Andalus ne, ba mai bayani, daga ginshiƙai sai hawaye. Ni kuwa na ga masallaci, ko'ina an rubuta masallaci, me ya rage?

To ku da kuka san mutanenmu na Makka kun san ba a ɓoye tafiya, kuma kun san al'adarmu ta wakafin Alƙur'ani. Wanda ya rasa uwa ko uba yakan sayi mus'hafi, a buga masa hatimin wakafi, a ajiye a masallaci don ladan ya riƙa isa ga mamaci. Masallatan unguwarmu kuwa sun cika sun batse, kantoci ba masaka tsinke. Da labari ya bazu cewa ɗan gidan Hajiya zai je wani masallaci mai shekara dubu a tsakiyar ƙasar Turawa, sai kowa ya ga ƙofar lada ta buɗe. Hajiya Rabi maƙwabciyarmu ce ta fara kawo nata, na marigayi mijinta, a naɗe cikin ƙyalle kore. Washegari wasu suka kawo. Kafin a jima lungun falon Umma ya cika da kwalaye. Ni kuma maimakon in tsorata sai kaina ya ƙara girma. Na ɗauko turaren oud mafi kyau a shagona, na sayi mishlah, alkyabbar nan ta Larabawa mai bakin zinare, wai tsarabar liman. Na haɗa ɗan jawabi da Larabcin littafi, “daga maƙwabtan Ɗakin Allah zuwa ga 'yan'uwanmu na Andalus”, ina maimaita shi gaban madubin shago in ba ciniki.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne Umma ta fara motsi. Ta sa an ɗauko mata akwati daga saman kabad. Ta aika a ɗinko mata sabuwar abaya. Ranar da na ji ta tana faɗa da Safiya kan wane takalmi ya fi daɗin tafiya, na koma mota na zauna na yi kuka don murna. Don haka ko da wani ɗan kokwanto ya taɓa ni, sai in ture shi, kada in taɓa abin da ke aiki.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi na shirya azuma, wato walima, ta ban kwana bayan La'asar. Aka kawo shinkafa da nama a manyan farantai, gahawa da dabino suna zagayawa. Maza a falo, mata a ɗakin da ke kallonsa an ɗage labule rabi, Umma a kujerarta a bakin ƙofa inda take ganin kowa. Kawu Ɗahiru, yayan Umma, shi ne babban baƙo. Tsoho ne mai kaifin baki, a unguwar Nakkasa ya yi rayuwarsa kafin rusau ya tashe su, kuma tun ina yaro bai taɓa yarda na iya wani abu ba. Shi nake so ya gani da idonsa.

Da aka ci aka sha, na miƙe na gyara shimagina, ƙyallen nan na Larabawa da nake yafawa a ka, na ce, “Jama'a, yanzu zan kira wakilinmu na can, ku ji tsarin da bakinsa.” (Wakilinmu! Mutumin nan ɗan jagoran masu yawon buɗe ido ne, Ustaz Yunus, ɗan Maroko mazaunin can, sau ɗaya muka taɓa gaisawa a rubuce.) Na haɗa wayar da babban talabijin na falo don kowa ya gani. Allah da ikonsa kuma, aka yi sa'a ko rashin sa'a, yana tsaye a harabar wurin, ya gama zagayawa da wasu baƙi. Ga itatuwa koraye a bayansa, ga doguwar hasumiya. Falo ya ɗauki “Masha Allah! Tabarakallah!” Hajiya Rabi har da share hawaye.

Na gyara murya, na saki Larabcin nan na gaban madubi. Na ce, “Ya Ustaz, muna so ka sanar da jama'a ƙarfe nawa liman yake hawa mumbari ranar Juma'a, da kuma ƙofar da mata suke shiga, domin ina so mahaifiyata ta samu sahun gaba.”

Ustaz Yunus ya yi murmushi irin na wanda bai ji da kyau ba. Ya ce, “Wane liman, ya akhi?”

“Limamin masallacin da ke bayanka mana.”

Bai kai ga ba ni amsa ba hasumiyar ta ba ni da kanta. Ƙararrawa ta kaɗa. Ba 'yar ƙarama ba, irin mai shiga ƙirji, kuma da yake na ƙure sautin talabijin don kowa ya ji, sai da kofunan gahawa suka amsa. Ta kaɗa, ta sake kaɗawa.

Kawu Ɗahiru ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, “Ya sheikh, wannan kuma wane irin ladani ne?”

Ustaz Yunus, bawan Allah, cikin ladabi ya yi bayani. Ya ce ginin masallaci ne tun asali, kuma har yau ana kiransa da sunan, amma shekaru ɗaruruwa ke nan da ya zama coci, a tsakiyarsa ma Kiristoci suke ibadarsu. Ya ce kowa na iya shiga ya kalla, kuma abin kallo ne da ba a mantawa, sai dai ba a yin sallah a ciki.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, “To a bar Juma'a. Raka'a biyu fa, gaisuwar masallaci, a ɗan lungu?”

“Masu gadi za su dakatar da ku, ya akhi.”

“Ko da mun ce daga Makka muke?”

Wallahi na faɗi haka. A gaban Kawu, a gaban surukaina, a gaban duk layinmu. Ustaz Yunus ya ce ko daga ina ne, sannan ya ɗan matso da fuskarsa ya tambaya, da zuciya ɗaya, “Waɗancan kwalayen na bayanka fa, duk kayan tafiyar ne?”

Kowa ya juya ya kalli kwalayen. Ga mishlah ɗin liman a saman su cikin ledarsa, bakin zinaren yana ƙyalli. Daga bayan labule na ji muryar Hajiya Rabi tana cewa, “Esh hada, mene ne wannan? Yanzu Alƙur'anin Malam coci za a kai?” Wata ta ce, “La haula.” Wata kuma dariya ta ƙwace mata ta mayar da ita tari. Kawu ya gyara zama, don shi ranar sallarsa ce, ya ce, “Shekara nawa ina gaya muku yaron nan tsakanin Mina da Muzdalifa kaɗai ya sani, kuna cewa ina da baki. To ga shi zai kai ƙanwata Juma'a wurin Fadan coci.” Maza suka fashe. Na nemi maɓallin kashe kiran na rasa, na danna wani abu sai fuskata ta cika talabijin, gumi yana bin hancina, kowa yana kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na saci kallon Safiya, ta sunkuyar da kai, ko “ai na faɗa maka” ba ta ce ba, wanda ya fi zafi.

Amma duk wannan bai kai abin da ya biyo baya ba. Umma ta dafa kujera ta miƙe, ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Nan kunya ta gushe, tsoro ya dawo. Na ce shi ke nan, na rusa. Da sallah na fito da ita, ga sallar ta tashi, za ta koma bakin tagar nan, kuma wannan karon ni na mayar da ita da hannuna.

Na bar baƙi da Safiya na bi ta. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama da muryar da ni kaina ban gane ba. Na same ta zaune a bakin gado, akwatin a buɗe a gabanta, tana naɗe sabuwar abayar. Na ɗauka fitar da kayan take yi. Na durƙusa na ce, “Umma, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba. Ban yi niyyar yi miki ƙarya ba.”

Ta sa abayar a cikin akwatin, ta danna ta da tafin hannu. Sannan ta dube ni, sai na ga idonta jawur, gefen bakinta yana rawa. Ta ce, “‘Ko da mun ce daga Makka muke.’” Sai dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki, har mayafinta ya zame. Rabon da in ji wannan sautin tun Baba yana da rai. Ta ce, “Tashi na yi kada in yi a gaban mutane in ƙara maka. Kai wannan, Allah yahdik, Allah ya shirye ka, ubanka sak. Shi ma bai taɓa cewa bai sani ba.”

Na ce, “To tafiyar fa, Umma?”

“Tafiyar me ta yi?”

“Ai kin ce in don sallah ce.”

Ta share idonta da gefen mayafi ta ce, “Ni da Masallacin Harami ke nan kusa da ni, sallah ce za ta kai ni ƙasar Turawa? Abin faɗa wa mutane na nema, ka ba ni. Tun ranar da ka shigo da hoton nan na san ba masallaci ne a ranka ba. Ka ga na zauna ne, ka rasa yadda za ka tashe ni.” Ta jawo akwatin kusa da ita. “Ubanka kullum cewa yake bayan Hajji zai kai ni yawo. Bayan Hajji ya gaji, kafin ya huta wani Hajjin ya zo. Har ya tafi. Yanzu ɗansa ya ce in zo mu je, sai in tsaya tambayar wa ke limanci?”

Na kifa kaina a gefen gadon, ita kuma ta ci gaba da shirya kayanta kamar ba ta ga ƙaton mutum yana kuka a gabanta ba.

Maganar kwalaye Safiya ce ta warware ta a ranar, don ita ta sake kiran Ustaz Yunus ta yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun farko. Ashe akwai ƙaramin masallaci a Ƙurɗuba da Musulmin garin suke sallah, akwai kuma wani a Garnaɗa a kan tudu, yana kallon fadar Alhamra, ana Juma'a a cikinsa. Ya ce za su yi murna da 'yan kwafi, amma don Allah kada mu taho da kanti guda. Hajiya Rabi ta yarda nata ya je Garnaɗa, bayan ta sa na rantse zan ɗauko hoton inda aka ajiye shi. Sauran na bi gida-gida na mayar, kowane gida kuma sai an ba ni shayi an sa na maimaita labarin. Tsarin tafiya ya koma hannun Safiya gaba ɗaya, ta juya shi Juma'a ta faɗo a Garnaɗa, ni aka bar mini jan akwati. Kawu Ɗahiru kuwa har gobe in ya gan ni sai ya ce, “Limamin Ƙurɗuba, an sauko?”

Da za mu rufe batun a ranar, Umma ta kira ni ta ce, “Kai wannan, itatuwan nan da na gani a bayan mutumin, na lemo ne ko? A tsakar gida, reras, ga inuwa. Ku kuna ta hayaniyar ƙararrawa, ni su nake kallo. A ƙarƙashinsu nake so in zauna. Ana shan lemon?”

Na buɗe baki zan ce, “Sosai ma, Umma, zaƙi kamar zuma.” Kalmar ta zo har kan harshena, hannuna ma ya fara tashi sama. Sai na haɗiye ta. Na ce, “Umma, ban sani ba. Bari in tambaya.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Masha Allah. Tafiyar nan ta fara amfani tun ba mu tashi ba.”

Na tambaya kuwa, aka ce ɗaci ne da shi, ba ya shawuwa. Da na bi son bakina da na ƙara wata a kan ta farko. Abin da na koya dai shi ne, matambayi ba ya ɓata, amma jagoran da ya fi ƙarfin tambaya da jama'a yake ɓata, har da kwalayensu. Kuma in kana son mahaifiyarka ta fito ta sha iska, ka je ka durƙusa ka ce mata kana tsoron rasa ta. Ya fi sauƙi, kuma ba sai ka sayi alkyabbar liman ba.